Majanyin Izgar Doki da Lan Ta Bari a Hannuna

Bana shekara tara ke nan da rasuwar Lan, maƙwabciyata a Greenbelt, wadda yaranmu suke kira Maman Lili. Duk shekara idan ganyen bishiyoyi ya fara ja a Maryland sai in kasa zama wuri ɗaya. In tashi daga falo in shiga kicin, in buɗe firij in rufe ban ɗauki komai ba. Na bana ya fi na kullum, domin maigidana, Baban Sadiq, yana dab da ajiye aikinsa na rediyo, kuma ya ce mu fara tattara kaya, baɗi war haka muna gida Funtuwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta labarin matar nan, ko zuciyata ta ɗan lafa.

Warin girki ne ya haɗa mu. A lokacin ban daɗe da zuwa Amurka ba, Sadiq yana goye, Turancina bai wuce na gaisuwa ba. Muna hawa na biyu a wani dogon gidan haya, ita tana ƙofar da ke kallon tawa. Akwai wani tsohon Bature a ƙasanmu da ba ya jure warin abincin baƙi. Ran nan ina kaɗa miyar kuka, daddawa ta cika gidan, ya hau ya buga mini ƙofa yana toshe hanci. Bayan ya sauka sai na ji an sake bugawa. Na buɗe a fusace, sai ga wata 'yar gajeriyar mata riƙe da kwano, tana dariya har idonta ya rufe. Ashe ƙofarta tsohon ya fara bugawa. Ta nuna hancinta, ta nuna kicin ɗina, ta nuna kwanonta, ta ce da ɗan Turancinta, “Ke wari, ni wari.”

Miyar kifi ce mai tsami a kwanon. Ta ga ina kallonta da shakka, ta ga ɗankwalina, sai ta girgiza kai ta ce, “Kifi kawai. Babu alade.” Na karɓa. Da yamma na aika mata tuwo da miyar kuka. Daga baya ta faɗa mini cewa ta ci tuwon, miyar kuma ta yi mata kallon ruwan kududdufi, sai da ta rufe ido ta haɗiye.

Ni a da, ɗan China ɗan China ne kawai a wurina. Lan ce ta gyara mini. Ta ce ita Shui ce, wata ƙaramar ƙabila da ke zaune cikin duwatsun Guizhou a kudancin ƙasar, a yankin da ake kira Sandu. Suna da harshensu da ba ya kama da na manyan birane. Gidajensu na katako ne a kan dirkoki, mutane a sama, dabbobi a ƙasa. Gonakin shinkafarsu an sassaƙe su a jikin dutse hawa-hawa, kuma a cikin ruwan gonar suke kiwon kifi, shi ya sa yaro yake tasowa bai san shinkafa ba tare da kifi ba. Mijinta ba Shui ba ne. Ɗan birni ne, ya zo karatu a wata jami'a kusa da mu, ya samu aiki ya zauna. Da harshen birni suke magana a gida, 'yarsu Lili kuma da ta shiga makaranta sai Turanci ya kwashe ta. Duk faɗin Washington da kewayenta Lan ba ta taɓa haɗuwa da mutum ɗaya da zai amsa mata gaisuwa da harshen uwarta ba. Ko a shagunan 'yan Asiya da muke zuwa Annandale sayen kifi mai rai, da ta buɗe baki sai masu shagon su gane 'yar ƙauye ce, su riƙa amsa mata a gajarce.

Na sha jin ta ta ƙofa tana waya da mahaifiyarta da katin nan na kira da muke saya a lokacin. Muryarta takan sauya gaba ɗaya, ta yi sama ta yi ƙasa kamar waƙa, har katin ya ƙare a tsakiyar magana. Ni kuwa ina da mata 'yan Kano da 'yan Zinder da za mu cika falo ranar Asabar mu yi ta Hausa har maƙogwaro ya bushe, amma ina kukan kewa. Da na san halin da Lan take ciki sai na rage kukan.

Ranar da ta ji 'yan'uwana suna kirana Maman Sadiq ta tambaye ni ma'anarsa. Da na faɗa mata sai ta kama hannuna. Ta ce su ma haka suke yi, mace idan ta haihu da sunan ɗanta ake kiranta, amma tun da ta bar gida ba wanda ya kira ta haka. Daga ranar ta zama Maman Lili a bakin kowa a gidanmu.

A kaka ta biyu da sanin juna ta gayyace ni bikinsu na Duan, wanda shi ne babbar sallarsu, bayan an kawar da shinkafa daga gona. A can, in ji ta, ƙauyuka ke karɓar bikin bi da bi, ana buga gangar tagulla, samari suna sukuwar dawaki a kan tudu, baƙi suna shiga gida-gida. A Greenbelt bikin ya ƙare a kan teburi ɗaya da mace ɗaya. Ta tsaga kifi ta baya, ta cusa masa wani ganye mai kama da lawashi da barkono da citta, ta ɗaure shi ta turara shi tun safe. Ta ce a jajiberin bikin ba a cin nama, amma kifi a wurinsu ba nama ba ne, don haka wannan ce rana guda da ta tabbata zan iya cin duk abin da ta dafa.

Sai dai da na shiga na ga ta jera ƙananan kwanuka da kofunan giyar shinkafa a gaban kujerun da ba kowa. Ta ce na kakanninta ne, a ranar suke zuwa su ci tare da iyali. Na tsaya a bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi shiga. Lan ta dube ni, ta koma kicin ta ɗauko wani kifin da ta dafa daban a wata tukunya, ta ce, “Wannan naki ne, bai je teburinsu ba. Zo mu ci a gidanki.” Haka muka riƙa yi duk shekara. Ta gama da kakanninta, ta tsallako da tukunyata. Ba ta taɓa neman in zauna a wancan teburin ba, ni ma ban taɓa yi mata wa'azi a kansa ba, ko da yake sau da yawa maganar ta zo mini har baki.

Mahaifinta yana cikin dattawan da suka iya karanta tsohon rubutun Shui, wanda da shi suke duba ranar aure da ranar kafa gida da ranar binne mamaci. Ta taɓa zana mini 'yan haruffan da ta tsinta da ido tana yarinya, wasu kamar tsuntsu, wasu kamar an juya su baya. Iyakar abin da ta sani ke nan, domin 'ya'ya maza ake koya wa. Ƙanenta da ya kamata ya gada ya tafi aikin masana'anta a wani birni mai nisa. Idan ta zo nan a hira sai ta miƙe ta kama goge teburin da ba datti.

Abin da mata suke gada shi ne ɗinkin izgar doki. Ana ɗaukar 'yan silin gashin wutsiyar farin doki, a nannaɗe su da farin zaren siliki har su zama kamar siririyar igiya, sannan a kwantar da ita a kan yadi a ɗinke, a fitar da zane, a cike tsakiya da zare mai launi. Mafi girman abin da ake yi da shi shi ne abin goyon jariri. Majanyi nake ce masa don ban da wata kalma, amma ya fi majanyinmu faɗi da kauri, yana rufe bayan jariri duka, da dogayen maɗauri. A al'adarsu daga wajen dangin uwa yake fitowa. Idan mace ta yi haihuwar fari, mahaifiyarta ce ke kawo shi, kuma sau ɗaya ake ba mace a rayuwarta.

Wata bazara, ban daɗe da samun lasisin tuƙi ba, Lan ta shigo ta ce in kai ta inda ake kiwon dawaki. Muka bi babbar hanya ina riƙe da sitiyari kamar zai gudu, manyan motoci suna wuce mu suna hon, muka wuce Clinton muka shiga ƙauyuka. Gona ta farko aka ce mu fita. A ta biyu muka tarar da wata dattijuwar Baturiya cikin dogayen takalma. Ni da hijabi, Lan da 'yar jakarta, muna ta ƙoƙarin bayyana mata cewa gashin wutsiyar doki muke roƙo. Matar ta yi ta kallonmu. Sai Lan ta zaro majanyin da mahaifiyarta ta yi mata, ta shimfiɗa a kan shinge. Dattijuwar ta cire safar hannu ta shafa shi, sannan ta shiga barga ta fito da almakashi. Farin dokinta guda ne, ta yanko mana daga ƙarƙashin wutsiya inda ba zai nuna ba.

A hanyar dawowa na ce, “Maman Lili, wai saurin me kike yi na haɗa wa 'yarki majanyi? Yarinyar nan ko sakandare ba ta shiga ba.”

Ta juya tana kallon taga. Ta ce, “Aikin yana cin lokaci.”

Sai da sanyi ya shigo na san abin da ta riga ta sani. Ciwon daji ne a hanta, kuma an gano shi a makare. Daga nan rayuwarta ta koma tsakanin asibiti da kujerar da ke bakin tagarta. Ta fara da babban malam-buɗe-littafi a saman majanyin. Ta ce a tatsuniyarsu shi ne ya buɗe fukafukai ya yi wa wani jariri inuwa a gona lokacin da rana ta kusa kashe shi, shi ya sa ba a yin abin goyo babu shi. Da magani ya fara kashe mata yatsu, ta kasa nannaɗe silikin, sai ta koya mini. Ina kai yara makaranta in dawo in zauna a gabanta, ni ina murza izga a cinya, ita tana ɗinki. Nawa yakan fito da kumburi a wasu wurare. Ta warware, ta miƙo mini, in sake. Wanda ya duba majanyin yau zai ga sama sumul, ƙasa kuwa ɗinkin ya yi faɗi, ya karkace. Amma ta gama shi.

Ta naɗe shi cikin wani baƙin yadi na gida ta ɗora mini a cinya. Ta ce, “Maman Sadiq, uwata ta tsufa, ba za ta taɓa hawa jirgi ba. Mijina namiji ne, zai sake aure. A nan ke ce dangin uwa. Kada ki ba Lili sai ta haihu.”

Na ce, “Ke za ki ba ta da hannunki, da yardar Allah.”

Ta yi ɗan murmushi irin na wanda aka yi wa ƙaryar kirki.

Ta rasu a farkon kaka, kafin bikin Duan na shekarar. Mu da muka saba a yi wa mutum sutura a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, abin da ya biyo baya ya yi mini nauyi ƙwarai. Mijinta ya kira ƙauye, tsohon mahaifinta ya buɗe littattafansa ya duba ranar da ta dace a sa 'yarsa a ƙasa, ranar kuma tana da nisa. Ɗaukar gawa zuwa can ya gagara, sai aka ƙone ta, mijin ya kai tokar ƙauyen a wani ɗan akwati. Na kwashe makonni ina wuce ƙofarta ban san me zan yi da hannuwana ba. Babu zaman makoki, babu kabarin da zan ce ga shi can.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ci mini rai. Duk wanda ya mutu a rayuwata, bakina ya san abin da zai faɗa. A kan Lan na buɗe baki na tsaya. Na je wurin limaminmu, wani dattijo ɗan Nijar mai sanyin hali, na faɗa masa komai har da kwanukan kakanni. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Hajiya, abin da aka karantar da mu kin san shi, ba zan sauya miki shi don in faranta miki ba. Amma hukunci ba a hannuna yake ba, ba a hannunki ba. Abin da ke hannunki haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma ta bar 'ya.” Na fito ban ji sanyi ba, amma na san inda zan sa ƙafa.

Mahaifin Lili ya yi aure kamar yadda Lan ta faɗa, suka koma Annandale. Yarinyar ta ci gaba da zuwa mana hutu, tana kwana ɗaki ɗaya da 'yata Hauwa. Yau idan ta kira ni da “Ina wuni, Umma” take farawa kafin ta juya Turanci. Ta iya cewa tuwo, ta iya cewa sannu da aiki, ta san a durƙusa wa Baban Sadiq. Hausar da ke bakinta ta fi harshen uwarta yawa, kuma ban san ko in yi murna da wannan ba. Nawa 'ya'yan ma da Turanci suke amsa mini.

Nakan tambayi kaina me Lan za ta ce da ta ga yau. Katin kira ya zama tarihi, yanzu mutum yana kallon fuskar uwarsa a waya har ya gaji. Da ta samu wannan ko na shekara guda, da ta mutu da sauƙin zuciya. Lili ta je ƙauyen bayan ta gama sakandare. Ta ce jirgin ƙasa mai gudu yana kaiwa har kusa da su, ana sayar da ɗinkin izga a shaguna, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoton sukuwar Duan. Kakanta mai karatun ya rasu, littattafansa suna nan a naɗe ba mai buɗewa. Kakarta ta rungume ta tana kuka tana magana, wani ɗan'uwa yana juya maganar zuwa harshen birni, Lili tana kama rabi. Shin Lan za ta yi alfahari cewa duniya ta san sunan Shui, ko za ta kama goge teburi? Na juya tambayar nan ta kowace fuska ban samu amsa ba.

Da maganar komawarmu ta tabbata, majanyin ya hana ni sukuni. In tafi da shi, na raba yarinya da abin uwarta da teku guda. In ba ta yanzu, na karya abin da aka ce mini. Lili ta gama jami'a, tana aiki, ba ta ko zancen aure. Ta san abin yana wurina, ba ta taɓa tambaya ba. Baban Sadiq ya ce in miƙa mata kawai in huta, rai ba a hannunmu yake ba. Na ga gaskiyarsa. Asabar ɗin da ta wuce na kira ta, ta hau jirgin ƙasa ta sauka a tashar Greenbelt, na ɗauko ta. Bayan mun ci abinci na fito da baƙin yadin na warware a kan kujera.

Ta yi dariya ta ce, “Umma, ni fa ba ni da ciki. Ko saurayin kirki ba ni da shi.”

Na ce, “Na sani. Tafiya za mu yi, Lili. Ba na so in tafi da haƙƙinki.”

Dariyar ta ɗauke. Ta durƙusa ta bi zanen da yatsa tun daga fukafukan sama har zuwa inda ɗinkin ya karkace. Ta kai shi hanci ta shaƙa. Ta daɗe a haka, ni kuma ina tsaye ina gyara labulen da ba abin da ya same shi. Can sai ta naɗe shi yadda yake, ta miƙo mini.

Ta ce, “Mama ta ce wa zai kawo mini?”

Na ce, “Dangin uwa.”

“To, ki tafi da shi Funtuwa. Idan na karɓa yau, ranar da na haihu ba wanda zai shigo ƙofa da komai. Zan kira ki ki hau jirgi ki kawo. In ƙafa ta hana ki, ni zan zo da jaririn.”

Na ce, “In kuma na mutu fa?”

Ta ce, “Sai Hauwa ta kawo. Ki faɗa mata tun yanzu.”

Na faɗa wa Hauwa a daren, ta amsa da Turanci, amma ta amsa.

Ba zan ce hankalina ya kwanta ba. Yanzu tunanina ya koma kan zafin Funtuwa da gara, da irin akwatin da zan sa shi, da abin da zan ce wa 'yan'uwana idan suka ga ina ɓoye wani baƙon zane kamar zinariya. Idan na auna abin da ya rage na Lan, ba shi da yawa. Harshenta bai wuce kanta ba a wannan ƙasa. Teburin kakanninta ba mai jera shi. Tokarta tana kan wani dutse da ba zan taɓa gani ba. Amma ta bar 'ya da ta san cewa akwai abin da ba a karɓa sai an kawo maka, ta kuma ɗaura wa Bahaushiya 'yar Funtuwa zumuncin mutanen da ba su san da ita ba.

Ya Allah, Kai Ka halicci Lan a can cikin duwatsu, Kai Ka kawo ta ƙofar da ke kallon tawa. Ka san ta fiye da yadda na san ta, na bar ta gare Ka. Ni kuma Ka ara mini kwana da lafiyar ƙafa, in kai kayan nan inda aka aike ni.